Daga Tiga Zuwa Gashuwa: Bin Sawun Ruwa Tare Da Malam

Duk mai zuwa Nguru daga Kano gabas yake fuskanta, ya ɗan karkata arewa. Mu kuwa kudu muka nufa, don Malam ya ce wanda bai ga Tiga ba, ko ya shekara a fadamar Haɗeja da Nguru ba zai gane abin da idonsa ke nuna masa ba. Shi ya koyar da ni ilimin ruwa da muhalli a jami'a, yanzu ritaya ta ƙarato masa, ni kuma ina koyar da labarin ƙasa a sakandare. Da ya bugo waya ya ce yana neman wanda zai riƙe masa sitiyari da littafi a ƙidayar tsuntsaye ta watan Janairu, ban bari ya kai aya ba na ce ina zuwa.

Muka bi hanyar Zariya cikin hazon hunturu. Daga Kura zuwa Kadawa kore ne shar hagu da dama, ga kwandunan tumatir jibge a bakin titi, ga manyan motoci na lodi. Duk wannan albarkar ruwan Tiga ce. An gama ginin dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gama karkashe shanu ya kori mutane daga ƙauyukansu. Malam bai yarda a zagi waɗanda suka gina shi ba. Ya ce wanda ya ga mushen shanu zube a bakin rijiya, in ya ce zai tare ruwa ya ajiye, ba za a ce ba shi da hankali ba. Kuma wani kaso na ruwan da Kano ke sha daga nan yake fitowa.

Da muka tsaya a kan ganuwar dam ɗin, ni ruwan nake kallo, shi kuwa ƙofar sakin ruwa yake nuna mini. Bayaninsa gajere ne. A da kogin Haɗeja ruwan damina kawai ya sani: ya cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba, ya malale fadama, sannan ya janye a hankali har gindinsa ya bushe da rani. Tun da aka yi Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, duka a kan kogunan da ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, sai lissafin ya juye. Ambaliyar damina ta ragu saboda ana tare ta, da rani kuma kogin ba ya bushewa saboda ana sakin ruwa don birni da gonakin rani. "Ka riƙe wannan," in ji shi. "Duk abin da za mu gani a gaba, ka riƙa tambayar kanka: wannan daga sama ya zo, ko daga ƙofar nan?"

Washegari muka ɗauki hanyar Haɗeja ta Gezawa da Ringim da Gujungu. Ba wani abin faɗa a hanya sai ƙura da shingayen jami'an tsaro. A Haɗeja muka leƙa kasuwar kifi, inda ƙaurin banda ke tarbar mutum tun daga nesa, tarwaɗa an lanƙwasa ta an jera a kwali za a kai kudu. Malam ya tsaya yana tambayar wani dillali daga ina kifin ya fito. Amsar ta ɗauki lokaci, don wani na fadamar nan ne, wani daga nesa aka kawo shi, wani kuma na kiwo ne. Ya rubuta, muka wuce.

Ƙasa da Haɗeja ne kogin ke rasa hanya. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga tsofaffin jigayin rairayi a jere sun gitta, sai ruwan ya rarrabu: wani ya bi tsohon kogi, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi Marma ya zuba a tafkin Nguru. Can gaba kogin Jama'are ya shigo daga tsaunukan Jos, su haɗu su zama Komadugu Yobe kafin Gashuwa. Wannan rarrabuwa ita ce fadamar, kuma ita ke ciyar da Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani: masunci ya kama kifi in ruwa ya cika, manomi ya yanke shinkafa ya bi danshi da wake da kankana in ya janye, makiyayi ya shigo da shanu in an kwashe amfani. Fili ɗaya, cin abinci uku, kowa da lokacinsa.

A wani ƙauye na ƙasar Kirikasamma muka shiga kwalekwalen wani dattijo da suka daɗe da sanin juna da Malam. Gaisuwarsu kaɗai ta ci kusan rabin sa'a, sai da aka tambayi kowane ɗa da jika. Muka tura cikin Marma. Ba mu yi nisa ba kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, ta rufe mu.

Na sha jin sunanta a aji, amma ganinta daban ne. Ta fi tsayin mutum biyu a wasu wuraren, ganyenta dogo mai kauri, ta tsaya ƙyam a haɗe ba masakar tsinke. Hanyar da muke bi da lauje aka sare ta, faɗinta bai wuce na kwalekwalen ba, ganye na gogar kafaɗunmu. Iska ba ta shiga. Ruwan ya yi baƙi, yana warin ruɓaɓɓen ganye, sauro kuwa da rana tsaka yake cizo. Malam ya miƙa hannu ya karyo kanta ɗaya, ruwan ƙasa, mai kama da zangarniyar gero. Ya murza da babban yatsa, sai ta tarwatse, farin gashi ya cika jirgin har cikin hancina. Ya ce kai ɗaya na ɗauke da iri sama da 100,000, kuma ko babu iri saiwarta kan bi ta ƙarƙashin laka ta tsiro a gaba.

"Baba, nan fa?" Malam ya tambaya, yana nuna wani wuri da ba ka ganin komai sai kacala.

"Gonar shinkafar mahaifina ke nan," in ji dattijon. "Can kuma inda kake ganin gorubar nan da ta mutu a tsaye, nan muke ɗaure jaki."

Kacala ba baƙuwa ba ce a ƙasar, da can tana nan jefi-jefi a bakin tafki. Abin da ke hana ta yaɗuwa shi ne bushewar rani. Da ruwa ya daina ɗaukewa, ya zama marar zurfi kuma ba ya yankewa shekara zagaye, sai ta samu abin da take so. In ta cika hanyar ruwa sai gudunsa ya ragu, laka ta kwanta, hanyar ta cike. Ta haka tsohon kogi da Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata zuwa Marma. Sakamakon abin mamaki ne: ƙauyukan Marma da Nguru ruwa ya ci gonakinsu har ya taɓa cinye titi, ƙauyukan da ke ɗaya ɓangaren kuma suna kukan ƙishi. Ga kuma jan-baki da ke kwana a cikinta dubbai, gari na wayewa su sauka a gonar shinkafa ko gero. Dattijon ya ce jikokinsa sun fi daɗewa a gona suna kaɗa gwangwani fiye da yadda suke daɗewa a aji, abin da ya sosa mini rai a matsayina na malamin makaranta. Masunta ma ba su fita daga laifi ba, don dumbar da suke gittawa a hanyar ruwa, jerin tarkon kifi irin na Mali daga gaɓa zuwa gaɓa, ita ma tana tare laka. Da Malam ya faɗi haka dattijon dariya kawai ya yi ya ce, "Ranka ya daɗe, da me za mu ci?"

Maganinta sananne ne: a sare ta a ƙarƙashin ruwa, don saiwar ta ganye take shaƙar iska, in ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe ta mutu. Amma aikin gayya ne na mutum ya tsaya cikin ruwa iya ƙirji, matsattsaku na bin ƙafarsa, ga tsargiya. Ana gwada mayar da ita gawayi ko abincin dabbobi ko iskar girki. A kogin Senegal, inda dam ɗin Diama ya jawo irin wannan bala'i, sun yi nisa a harkar gawayin.

Jirgin ya fita wani fili, sai ga wata sandar ƙarfe a kafe cikin ruwa, an zana mata lambobi baƙi da fari, tsatsa ta ci rabi. Malam ya sa aka matsa. Ya goge gansakuka da gefen hularsa, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ruwa, ya jira igiyar da jirginmu ya tayar ta lafa, sannan ya karanto mini lamba. Na rubuta da kwanan wata da ƙarfe nawa. Ya ce da irin wannan sanda ya fara, yana saurayi, lokacin da aka buɗe shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru a 1987. A kan keke yake zagayawa, wani lokaci ya ɗora keken a ka ya ratsa ruwa. Manyan aikin a wancan zamani su ne irin su Ted Hollis na jami'ar Landan da Dakta Muhtari Aminu-Kano, shi kuwa aikinsa ya karanta lamba ya kai ofis. Daga lambobin ya yi digiri na biyu a kan yadda ambaliya ke cika rijiyoyi, don ruwan da ya kwanta a fadama yana tsiyaya ƙasa ya shayar da ƙauyukan da ko kogin ba sa gani. Digiri na uku ya yi shi a kan ruwan sama. Sauran shekarun, in ji shi, ya kashe su ne wajen raba gardama tsakanin biyun.

Wani abu daga binciken wancan lokaci har yau yana ci masa tuwo a ƙwarya. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun zauna sun yi lissafin kifi da shinkafa da itacen da fadamar ke bayarwa, suka kwatanta da abin da manyan gonakin ban-ruwa na saman kogin ke bayarwa. In aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta yi wa gonakin fintinkau. Aka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga dam-dam ɗin a Agusta don a kwaikwayi ambaliyar da, a kuma rage na rani. Aka yi taruka. A 2000 tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin Ramsar na fadamun duniya. A 2006 jihohi shida da ke raba kogin, Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka kafa asusun haɗin gwiwa a Damaturu. Kacala dai tana nan.

A hanyar Nguru, wajen Birniwa, ya sa na rage gudu ya nuna mini wata hanyar rairayi da ta yi arewa. Ta nan ake zuwa Dagaceri, ƙauyen da Michael Mortimore ya yi shekara da shekaru yana komawa tun daga farin 1970 da wani abu. Baturen ya koyar a Zariya da Kano sama da shekara ashirin, ya rasu a 2017. Abin da ya sa Malam ke ganin girmansa shi ne bai yarda da maganar da ta cika duniya a lokacin ba, cewa talakan Sahel ne ke jawo hamada da gatarinsa da akuyarsa. Ya zauna ya ga yadda mutane ke sauya irin gero, su saƙa igiyar kaba su sayar, su tafi cin rani su dawo, su bar gawo da aduwa a gona. Ya kuma nuna cewa a karkarar Kano, inda mutane suka fi cunkoso, itatuwan gona ba su ƙare ba.

Daga nan hirar ta koma sama. A 1975 wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa in kiwo ya cinye ciyawa ƙasa ta yi fari, tana mayar da hasken rana, hadari ya ƙi haɗuwa. Ra'ayin ya samu karɓuwa, aka ɗora wa makiyayi laifin fari. Sai daga baya, musamman da aikin Alessandra Giannini da abokanta a 2003, aka nuna cewa zafi da sanyin tekuna ne suka fi juya daminar Sahel. Wasu binciken suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin tekun Atlantika, ya taimaka wajen tura damina kudu. Wato Bafulatanin da aka yi ta zagi, shanunsa sun mutu ne a kan abin da bai ji ba bai gani ba.

Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma ba da halinsa na da ba. Binciken da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35 ya gano cewa manyan hadarai masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka uku a Sahel tun 1982, kuma ya danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Wannan, in ji Malam, shi ne sauyin yanayi tsagwaronsa, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Haɗeja ba ya bukatar a rantse masa. Amma ko a nan sai ya ƙara da tambaya: ruwan ya yi yawa, gaskiya ne, to ina hanyar da zai bi ya wuce? Kacala ta toshe ta. Abin da ke ɓata masa rai shi ne yadda kalmar sauyin yanayi ta zama mafaka. Rijiya ta ƙafe, sauyin yanayi. Kifi ya ragu, sauyin yanayi. Gona ta nutse, sauyin yanayi. In aka faɗi haka kowa ya huta, don ba mai kai ƙarar sama. Ƙofar dam kuwa mutum ne ke buɗe ta, yana da ofis, yana da jadawali, ana iya zama da shi. Ni dai na ga gaskiyarsa, ko da yake na san ba ƙaramin abu ba ne a ce wa manomin Kadawa ko mai famfo a Kano ya haƙura da ruwan rani saboda masuncin da bai taɓa gani ba.

Nguru gari ne da jirgin ƙasa ya raya, nan layin dogo daga Kano ya tsaya tun wajen 1930, ana lodin gyaɗa da fatu da shanu. Muka kwana, da asuba muka nufi Dagona a ƙasar Bade, wani tafki da kogi ya bari a baya da ya sauya hanya. Yana cikin gandun ƙasa na yankin tafkin Chadi, kuma Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya taɓa zuwa kallon tsuntsayensa a 1989. Sanyi na ratsa ƙashi. Muka tarar da ma'aikatan gandu da wasu ɗalibai sun kafa madubin hangen nesa a kan ƙafa uku.

Ƙidayar tsuntsu ba ɗaya, biyu, uku ba ce. Za ka ƙirga goma ka ga iya filin da suka ci a madubi, sai ka riƙa auna garken da wannan, goma-goma, in sun yi yawa hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Mutum biyu su ƙirga daban, a kwatanta. In shaho ya gifta garken ya tashi, a sake daga farko, kuma haka ta faru muna tsakiyar kirinjijiya, har wata ɗaliba ta kusa kuka. Ga ɗinya, ga zalɓe, ga balbela, waɗannan 'yan gida ne. Amma akwai ƙananan agwagi da 'yan tsuntsayen bakin ruwa masu dogon ƙafa da suka ƙyanƙyashe a Rasha da arewacin Turai, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara don su ci rani a nan. Irin wannan ƙidaya ake yi a ƙasashe da dama a Janairu tun 1967, shi ya sa lambar Dagona take da amfani ga wanda ke zaune a Holan. Malam ya ba ɗaliban labarin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da masu ƙidaya a Ingila suka ga ya ragu da kusan kashi biyu bisa uku tsakanin 1968 da 1969. Suka yi ta neman dalili a gida ba su samu ba. Ashe fari ne ya fara a Sahel, tsuntsun ya kai labari tun kafin duniya ta ji kukan mutane.

Gashuwa ce iyakarmu. Daga nan kogin ya wuce Geidam, ya zama iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya faɗa tafkin Chadi, amma halin tsaro bai bar mu mu bi shi ba. Muka tsaya a kan gada muna kallon yara na wanka a ɗan ruwan da ya rage. Malam ya ce mafi yawan abin da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar nan na Jama'are ne, don shi ne kogin da ba a datse ba, kuma shi ya sa duk lokacin da aka tada maganar dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi hankalin mutanen Yobe da Borno ke tashi. Na tambaye shi batun tafkin Chadi, da hotunan nan da ake nunawa na yadda ya tsuke daga murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa kusan 2,000 a shekarun 1980. Ya ce hotunan gaskiya ne, amma tun daga lokacin bai ci gaba da tsukewa ba, kuma kusan duk ruwansa daga Shari da Logon yake zuwa, rabon Yobe kaɗan ne. Ya ƙara da cewa a jihar nan ta Yobe, a Dufuna, wani makiyayi na haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, da aka auna aka ga ya kai shekara 8,000. Ƙasar nan ta ga ruwa ta ga fari tun kafin a ƙera injin farko. Wanda zai ce wannan sabo ne, wannan tsoho ne, sai yana da lambobi masu tsawo a hannu.

Lambobin kuwa su ne matsalar. Sandunan awo da yawa sun faɗi ba a mayar ba, wasu tashoshin an yi shekaru ba a karanta su ba, kuma giɓin da aka bari ba ya cikuwa. Da daddare a masauki ya buɗe bayan mota ya nuna mini kwalaye da na ɗauka kayan sawarsa ne. Littattafan awo ne tun na zamanin keke, gara ta ci gefen wasu, ruwa ya jiƙa wasu har tawada ta baje. Yana so a shigar da su kwamfuta kafin ya bar ofis, ɗalibansa kuma ba sa iya karanta rubutunsa.

"Kai ai ka saba da rubutun yara," in ji shi. "Yaushe za ku yi hutu?"

Na ce sai Afrilu. Ya ce ya yi, ya ɗauki kwali biyu ya sa a kujerar baya, ya ce in fara da na 1988, kuma duk inda lamba ta goge in bar gurbin haka nan, kada in kuskura in cike da ka.